Ɗan Kabu-kabun da Ya Ƙi Tafiya

Ranar da kuka ga wana Abdussalamu ya ɗora hularsa ta Juma'a alhali Talata ce, ku kama ƴaƴanku ku shige ɗaki. Za a yanke wata shawara, kuma ba shi ne zai sha wuyarta ba. Ni na ga hular da safen nan. Na gan ta sarai, amma na tayar da babur na ce masa ya hau.

Sunana Iro. Manomi ne ni a wani ƙauye gefen Ɗan Kassari, shekaruna arba'in da ƴan kai. Aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, kafin babanmu ya ce gona ta fi buƙatata. Yarinyar da ba ta da lafiya ɗiyata ce ta fari, shekarunta goma sha ɗaya. Sunanta kuwa a bakin wasu za ku ji shi.

A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa, ba ya nuna ya san da shi, musamman a gaban manya. Tun da aka yaye ta take gidan Yaya Abdussalamu, danga ɗaya ce tsakaninmu, shi take kira Baba. Idan na haɗu da ita a hanyar rijiya sai ta kalli gabas in kalli yamma, mutane su ce, kai, Iro akwai kunya. Shekara goma sha ɗaya ina karɓar wannan yabo, kuma ba zan ɓoye ba, daɗinsa nake ji.

Tsakiyar bazara ce. Yarinyar ta kwana biyu da zazzaɓi da amai, ba ta son haske. Da safen Talata matata Dije, wadda ita ma kunyar take yi, ta tsaya a bayana tana magana da turmi.

"Yarinyar gidan Yaya ba ta iya sunkuyar da kai," in ji ta. "Wuyan ya sandare."

Ni ma sai na amsa wa turmin. Na ce to, bari a duba babur.

Yaya ya riƙe ta a tsakaninmu muka kama hanyar garin Dutsi, Dije kuma ta tsaya jiran motar kasuwa. Goshin yarinyar na bisa bayana, zafinsa kamar bakin murhu. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara, Yaya kuma ya ce, "Iro, kai ko tuƙi ba ka iya ba."

Wajen ƙarfe goma muka isa gidan likita. Aka kwantar da ita. Lokotoron, wato likitar, mace ce, yarinya ƙarama da tabarau, sunanta Fa'iza, girman Yamai. Ta ɗaga kan yarinyar, yarinyar ta yi kuka gwiwoyinta suka naɗe. Lokotoro ta juyo da sauri.

"Wane ne babanta?"

Na sunkuyar da kai ina duban takalmina, kamar yadda duk ɗan mutunci zai yi.

"Ni ne," in ji Yaya, ya gyara zaman hula.

Ba ƙarya ya yi ba. Ko a gaban mai gari aka tambaya, amsar ke nan. Lokotoro ta dube ni, ta ga makullin babur a hannuna da rawanin da na naɗe fuska da shi saboda rana.

"Kai, mai babur, sannu da ƙoƙari. Jira a waje."

Na fita. Ko gardama ban yi ba. Na ma ce mata na gode.

Taga na buɗe, don haka na tsaya a gindinta ina jin komai. Ta ce wa Yaya tana zaton sanƙarau ne. Ta ce za ta sa allura a ƙasan bayan yarinyar ta ɗebo ruwa kaɗan, a duba a san irin ƙwayar cutar, nan take kuma a fara magani. Rabin maganar da Hausa, rabin da Faransanci, kamar dai Yaya ya taɓa wuce ƙofar lakwal. Ta ce sai uba ya yarda ya sa hannu.

Yaya ya yi gyaran murya. Na san wannan gyaran muryar. Da ita ya sa muka shuka gero a ruwan farko shekarar da ruwa ya ɗauke wata guda.

"Ruwan baya? Mi kuka ce za ku ɗiba?"

"Kaɗan ne, Baba. Bai kai cokali ba."

"Ɗiyata, ni na girme ki. Ruwan nan da shi aka haifi mutum, da shi za shi koma. In kun ɗebe, da mi za ta miƙe? Da mi za ta haihu? Akwai wani Usman a Dogon Kiriya, an ɗebe mai, yau shekara ashirin yana tafiya kamar mai neman allura a ƙasa."

"Baba, ba haka ba ne. Jiki yana mayar da shi."

"To in yana mayarwa, ku ɗebi naku ku duba."

Ta yi ta bayani, ta zana masa ƙashin baya a takarda. Yaya ya karɓi takardar, ya juya ta ƙasa a sama, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce zanen ma ya ƙara tabbatar masa. Ta ce to, a bar maganar ɗibar ruwa, a sa mata ƙarin ruwa da allurar magani tukuna, domin ciwon ba ya jira. Yaya ya ce shi ba yaro ba ne. Allura ai allura ce. Za a ce ta hannu ce, yana juya baya a kai ta gadon baya. Ya ja kujera ya zauna a gefen gado, ya ɗora sandarsa bisa cinya. Ya ce ƙwaya kawai ya yarda a ba ta. Aka ba ta, ta amayar.

Ni kuwa ina gindin taga. Da kunnena na ji lokotoro ta ce kowace awa tana da haɗari. A raina na ce, a ɗiba mana, a ɗebi ko kwano ne. Amma a raina kawai. In buɗe baki a gaban wana in ce ɗiyata? Gobe da wane ido zan shiga masallaci?

Dije ta iso wajen sha biyu. Ta leƙa ɗakin, ta ga Yaya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta je can ƙarƙashin itacen bedi ta zauna cikin matan da ba ta sani ba. Lokotoro ta fito tana tambaya ko uwar yarinyar ta zo. Dije ta duƙar da kai tana tsintar tsakuwa. Mu biyu, uwa da uba, muna tsakar gidan likita, kowa na nuna wa duniya irin tarbiyyar da aka yi masa.

Na zagaya na same ta. Ban zauna kusa ba.

"Malam," in ji ta, tana kallon ƙasa, "ba za ka ce wani abu ba?"

"Ke me ya hana ki?"

"Ni mace ce."

"Ni kuma ƙane ne."

Kowa ya samu mafaka.

Bayan azahar yarinyar ta daina kuka. Na ɗauka sauƙi ne, sai na ji lokotoro ta ɗaga murya, Hausar ma ta gudu, Faransanci kawai ke fita. Yaya ya ce tunda abin ya zama tsawa, a ba shi ɗiyarsa ya mayar da ita gida, akwai mai rubutu a garinmu da bai taɓa ɗibar ruwan kowa ba. Lokotoro ta ce sai dai ya sa hannu a takardar cewa shi ya ɗauke ta da kansa. Ya ce a rubuta, zai je tasha ya samo mota, domin ba zai sake hawa bayan wannan mai tuƙin ba. Ya fito ya wuce ni, ya ce, "Ka tsaya nan, kar a taɓa ta." Ya tafi, hula na sheƙi.

A nan ne wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta fito da roba a hannu. Gajera ce, mai tsagar Arawa a kumatu, ana kiran ta Inna Asiya. Tun safe take wuce ni tana harara. Ta zubar da ruwan robar, ta tsaya a gabana.

"Kai, ɗan kabu-kabu. Yau babu fasinja a garin ne?"

"Ina jiran su ne, Inna."

"Tun ƙarfe goma? Cikin ranar nan? Ga inuwa can ba ka gani ba?" Ta matso. "Sauke rawanin nan in ga."

Na sauke.

"Shekara talatin ina aikin nan," in ji ta, "ban taɓa ganin ɗan kabu-kabun da ke yi wa fasinja kuka ba."

"Rana ce ta shiga idona."

"Rana ce kuma ta ba ka wushirya irin ta yarinyar? Da kunnuwan nan kamar marfin tukunya?" Ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu. Ɗiyar fari ce?"

Na dubi takalmina.

"Kai, bar kallon takalmin nan, ba shi ya haife ta ba! Ina uwar?"

Na nuna gindin bedi da baki.

Inna Asiya ba ta aika kowa ba. Da kanta ta je ta kamo Dije a wuyan hannu, ta tura mu wani ɗan ɗaki da ake ajiye magunguna, ta rufe ƙofa, ta ƙwala wa lokotoro kira.

"Dokta, ga uban, ga uwar. Tun safe kina yi wa baffa wa'azi."

Lokotoro ta cire tabarau. "Wannan? Ai mai babur ne. Na tambaya, ya yi shiru!"

"To da me kike so ya amsa? Ɗiyar fari ce, wansa na tsaye. Ku a Yamai kuna goya ƴaƴan fari kuna ɗaukar hoto. Nan sai kin kori manya waje sannan ki tambaya, kuma ko a lokacin bango za ki tambaya." Ta juyo gare ni. "Ni ƴar ƙauyen Gesheme ce, ɗana na fari har ya yi gemu ban kira sunansa ba. Na san abin. Amma ni ban taɓa tsayawa ina kunya yana mutuwa ba. Zauna."

Muka zauna. Ta tambayi Dije haihuwa nawa, Dije ta ce biyar. Ta ce wa lokotoro ta bar ta ta yi bayanin, in ta yi kuskure a gyara.

Ta juya mini baya, ta kama hannuna ta ɗora a ƙugunta, ta ce in taɓa ƙasusuwan. Na ce subhanallahi. Ta ce ta haifi kamata, in taɓa. Na taɓa.

"Ka ji gaɓa-gaɓa? Tsakanin biyun nan na ƙasa allurar ke shiga. Lakar da kuke tsoro ta ƙare tun can sama, nan ruwa ne kawai. Ba ƙashi ake hudawa ba. Ɗigo kaɗan za mu tara a ƴar kwalba. Kana ɗiban guga ɗaya a rijiyarku ta ƙafe?"

"A'a."

"To kafin gobe jiki ya mayar. In ruwan ya fito garau, mu nemi ciwon a wani wuri. In ya fito gurɓatacce, mun kama ɓarawon, a duba a san wane iri ne, a san maganin da za a ci gaba da shi da kwana nawa, a kuma san ko sauran yaran gidanku na cikin haɗari."

Dije ta yi magana daga cikin mayafi. "Da zafi?"

"Da zafi, ƙanwata, ba zan yi miki ƙarya ba. Kamar kowace allura, ko ya ɗan fi. Bayan nan kanta na iya ciwo kwana ɗaya ko biyu, sai ta kwanta. Haihuwa kuwa ba a baya take ba, ke da kika haifi biyar ya kamata ki fi wancan mai hular sani."

"Shida," in ji Dije.

"Ah, yanzu kin ƙirga da ita?"

Na ce, "To Usman na Dogon Kiriya fa?"

"Wane Usman? Ni ban san shi ba. Amma na san irinsa ɗari. Ana kawo yaro ya kwana huɗu wuya a sandare, mu ɗebi ruwa, mu yi magani, Allah ya tashe shi, sai a ga ƙafa ta shanye ko kunne ya toshe. Ciwon ne ya yi ɓarnarsa tun a gida. Amma ciwo ba a ganinsa, allura kuwa kowa ya gan ta, sai a ce ita ce."

Lokotoro ta ce, a hankali wannan karon, da Hausa zalla, "Malam, ko ka ƙi ɗibar ruwan, ka bar ni in fara magani yanzu. Wannan shi ne na farko. Ɗibar kuma kai ke da iko, in ka ce a'a ba zan yi ba. Kana da tambaya?"

Ina da ita. Na ce, "Yaya fa? In ya dawo?"

Inna Asiya ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Yayanka ya tafi neman motar da za ta kai ta gida ta mutu a gaban dangi cikin mutunci. In abin da kake so ke nan, jira shi. In ba shi ba, ga takarda."

Na dubi Dije. A shekara goma sha uku da aurenmu ban taɓa ganin ta buɗe fuska a gaban baƙi ta dube ni ido cikin ido ba sai ranar.

"Malam, ka sa hannu," in ji ta. "In kai ba ka sa ba, a kawo tawada in dangwala."

Na karɓi biro. Akwai wurin sunan yarinya. Lokotoro ta ce in faɗa ta rubuta, domin da safe Yaya sunan kakarta ya bayar, wanda yake kiran ta da shi. Bakina ya ƙi. Sai na ja takardar na rubuta da kaina, harafi ɗaya-ɗaya, da hannun ɗan aji huɗu. Inna Asiya ta leƙa ta karanta da ƙarfi.

"Nazifa. Suna mai daɗi haka, ka ajiye shi shekara goma sha ɗaya kamar irin shuka."

Ƙarfe uku ta wuce. Aka ce sai an samu mai riƙe ta, a kwantar da ita a gefe, a naɗe gwiwoyinta zuwa ƙirji, kada ta motsa. Na waiga ina neman wanda za a sa. Inna Asiya ta ce, "Wa kake nema? Ɗan kabu-kabu?"

Na riƙe ta. Ban san ba ta da nauyi haka ba. Ban san tana da tabo a bayan kunne ba, ban kuma san inda ta samo shi ba. Lokotoro ta shafa magani ja a bayan, ta lalubo gaɓar da yatsa, ta sa allurar. Yarinyar ta zabura sau ɗaya, na ƙara matse ta. Ruwan ya fara ɗiga. Ko ni da ban san komai ba na ga ba garau yake ba, kamar ruwan da aka wanke gero. Lokotoro da Inna Asiya suka dubi juna. Kafin a manna auduga har an ɗaura ƙarin ruwa an tura magani. Duka aikin bai kai tsawon sallar la'asar ba. Shi muka yi awa biyar muna gudu.

Yaya ya dawo da mota. Ya ga robar ƙarin ruwa a rataye, ya ga auduga a bayan yarinyar, ya gan ni zaune a bakin gado.

"Iro. Wa ya ba da izini?"

Na miƙe, idona ya nufi takalmi, sai Inna Asiya ta yi tari.

"Ni ne, Yaya."

"Kai a wa?"

"Ubanta," in ji Inna Asiya. "Alhaji, ka sallami mai motar nan, yana tare mana hanya."

Yaya bai yi mini magana ba har kwana tara da muka yi a can. Ranar da yarinyar ta buɗe ido ta nemi kunu, ya koma gida kafin mu, kuma kafin mu iso duk garin ya ji yadda ya tsaya a kan likitoci har suka yi aikinsu. Game da ni kuma an ji cewa Iro ya zubar da kunya a Dutsi, ya rungumi ɗiyar fari a gaban mata. Tsofaffi biyu sun daina amsa gaisuwata da kyau.

Ta tashi. Tana tafiya da ƙafafunta, tana cin tuwo, ba ta neman allura a ƙasa. Sai dai an lura in aka yi mata magana daga dama ba ta juyowa. Daga hagu, in da ƙarfi, takan juyo. Lokotoro ta gaya mana tun kafin sallama cewa ciwon kan taɓa ji, wani ya dawo, wani ba ya dawowa, ta kuma ba mu takarda mu kai ta a gwada kunnen bayan wata guda. Na tambaye ta ko da an fara magani tun ƙarfe goma da hakan bai faru ba. Ta ce ba ta da tabbas, tun a gida ma an makara. Inna Asiya ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Wannan shirun ya fi duk abin da ta faɗa mini ciwo.

Yaya kuwa ya riga ya gama bincike. Ya ce ruwan kunne ne aka zuƙe ta baya.

Shekaranjiya da hantsi na same ta ita kaɗai a bayan rumbu tana ɓarar wake, ta ba ni baya. Na duba gabas, na duba yamma, babu kowa. Na zagaya ta hagunta, wajen kunnen mai ɗan ji. Na yi niyyar in ɗaga murya, wallahi na yi niyya, amma abin da ya fito bai fi raɗa ba.

"Nazifa."

Ba ta juyo ba. Hannunta ya ɗan tsaya, ko kuma ni na ga kamar ya tsaya, sannan ta ci gaba da ɓara.

Na gaya wa Dije. Ta ce, "To in ta ji ma, ce maka aka yi za ta amsa? Ba ta san sunan nan a bakinka ba. Kuma mu muka koya mata."

Saura kwana goma sha biyu a gwada kunnen. Ban sani ba ko jinta zai dawo. Ban sani ba ko awa biyar ɗin da na yi a gindin taga ne suka cinye shi. Ban kuma sani ba ko shekaranjiya ba ta ji ni ba ne, ko ta ji ta yi mini kunya.